Amsoshin Tambayoyinku: An Yi Mini Tayin Shugabancin Mashayar Otal, In Karɓa?

Tambaya: Ni matashi ne ɗan shekara 27, ɗan asalin jihar Katsina, ina aiki a wani otal a Abuja. Da wankin kofuna da ɗauko ƙanƙara na fara, daga baya aka mayar da ni wajen haɗa lemo da kofi a kantar da ke gefen ɗakin cin abinci. Yanzu babban mai haɗa abin sha na mashayar otal ɗin zai bar aiki, manaja kuma ya ce ni yake so in gaje shi, da ƙarin albashi mai kauri. Matsalar ita ce a waccan kantar ana zuba giya, ni kuwa Musulmi ne, ban taɓa sha ba, ban taɓa miƙa wa kowa ba. Mahaifiyata ta san a otal nake aiki, amma ba ta san akwai mashaya a ciki ba. Ina son wannan sana'a, ina kuma fatan wata rana in zama manaja. Ina tsoron in na ƙi, in dawwama a inda nake. Mene ne ainihin aikin nan, kuma akwai hanyar ci gaba ba tare da shi ba? Don Allah a sakaya sunana.

Amsa: Na sakaya sunan kamar yadda ka roƙa. Tambayarka biyu ce, kuma gara mu fara da ta farko, domin bai kamata mutum ya karɓa ko ya ƙi abin da bai san cikinsa ba.

Abin da baƙo yake gani a mashayar otal shi ne mutum tsaye a bayan kanta cikin tsaftatacciyar riga, yana girgiza gwangwanin ƙarfe, yana tsiyayawa a kofi, yana fara'a. Wannan shi ne ƙaramin ɓangaren aikin. Babban mai haɗa abin sha yakan riga kowa isowa, sa'a ɗaya ko biyu kafin a buɗe. Zai duba firji ya tabbatar sanyinsa bai haura digiri 5 ba, ya leƙa injin ƙanƙara, ya sa a yanka lemon tsami da na zaƙi, a dafa ruwan sukari, a goge kofunan gilashi ɗaya bayan ɗaya ana ɗaga su ga haske. Zai cika takardar neman kaya daga sito, ya sa hannu, ya ƙirga abin da aka kawo kafin ya karɓa. Shi ke tsara wanda zai yi aikin safe da wanda zai yi na dare, shi ke koya wa sabon ɗauka. Idan dare ya raba aka rufe, shi ne na ƙarshen fita, bayan ya gwada abin da na'urar karɓar kuɗi ta ce an sayar da abin da ya rage a kan kanta. In lissafin bai hau ba, ba yaron da ya zuba za a kira ofis da safe ba, shi za a kira.

Tushen sana'ar awo ne. Kai da kake haɗa lemo ka san ɗan ma'aunin ƙarfen nan mai baki biyu, gefe ɗaya mililita 25, ɗaya gefen 50, ko kuma 30 da 60 a wasu otal-otal. Ɗauki kwalba mai mililita 750, ko me ke cikinta. In ana zuba 25 a kowane kofi, kwalbar za ta ba da kofi 30. In yaro ya ga ya ƙware ya ajiye ma'auni, hannunsa ya riƙa yin nauyi da mililita 5 kacal, kwalbar za ta ƙare a kofi 25. Kashi ɗaya cikin shida na cinikin ya salwanta ke nan, ba tare da wani ya ɗauki komai ya sa a aljihu ba. Kamar mai awon hatsi ne a kasuwar Dawanau: in yana barin tozo ya wuce ƙa'ida a kowane mudu, buhu zai ƙare bai fitar da uwar kuɗi ba, ya kwana yana neman ɓarawon da babu shi. Shi ya sa manajoji suke kallon kuɗin kayan da ke cikin kofi, suna so ya tsaya kusa da kashi ɗaya cikin biyar na farashin da aka sayar. Misali, kofin da ake sayarwa naira 3,000, kayan cikinsa su tashi wajen naira 600. Sauran shi ke biyan albashi, da man janareto, da kofunan da suka fashe, da ribar mai otal.

A ƙarshen wata ake ƙirga kaya, kuma a wannan dare ake sanin waye shugaba. Mai kula da lissafin kaya zai zo da takardarsa bayan an rufe, a fito da komai: na kan kanta, na ƙarƙashinta, na cikin firji, na lungun sito. Kwalbar da ba a buɗe ba ƙirga ta ba wuya. Wadda aka buɗe sai a ɗaga ta ga fitila a kimanta saura kashi nawa cikin goma, wasu wuraren ma a ɗora ta a sikeli. Sannan a ɗauko littafin asara, inda aka rubuta abin da ya zube, da wanda baƙo ya mayar, da wanda manaja ya ba da kyauta da sa hannunsa. Shugaban da yake rubuta kowace asara a lokacin da ta faru, wannan dare ba ya ba shi tsoro. Wanda yake cewa sai gobe, shi ne za ka ga yana zufa a cikin sanyin iyakwandishan.

Kada ka ɗauka ƙananan ma'aikata kaɗai wannan lissafi yake kayarwa. Sezar Ritz, ɗan ƙasar Suwizalan da sunansa ya zama alamar otal na alfarma a duniya, ɗan manomi ne, auta cikin 'ya'ya 13. Da aikin sabis ya fara a wani otal a garin Brig, aka sallame shi, ya nufi Paris a 1867 ya sake farawa daga ƙasa. Ya hau har ya zama manajan otal ɗin Savoy a Landan tare da shahararren kuku Eskofiye. Amma a 1898 aka kore su su duka, kuma cikin dalilan akwai kayan sha na dubban fam da suka ɓace daga lissafi. A wannan shekarar dai ya buɗe otal ɗinsa na Ritz a Paris, sunansa ya tsira. Mafi yawan mutane ba sa samun wannan dama ta biyu. A Abuja manajojin otal sun san juna, kira ɗaya a waya ya isa a rufe wa mutum ƙofa goma.

Bayan awo sai mutane. Shugaban kanta yana jin abubuwan da ba a yi niyyar ya ji ba, yana ganin wanda ya zo da wanda bai kamata su zo tare ba, kuma dole bakinsa ya mutu a kai. Shi ke lura da baƙon da ya fara wuce gona da iri, ya san yadda zai daina zuba masa ba tare da ya tozarta shi ba, ya kawo masa ruwa da abin taɓawa, ya sa a nemo masa mota. Shi ke shiga tsakani idan wani ya nemi cin zarafin yarinyar da ke sabis. Kuma shi ke tsayawa kan ƙa'idar da ke jawo asara nan take: idan kofi ya fashe kusa da kwandon ƙanƙara, ba a tsince gilashin a ci gaba, ƙanƙarar duka ake kwashewa, a wanke kwandon da ruwan zafi, ko da baƙi ashirin na jira. Ƙanƙara abinci ce, cikin mutum take shiga, shi ya sa ba a ɗibar ta da hannu ko da kofin gilashi, sai da cokalinta.

To, yanzu ga inda zuciyarka take. Ba zan ɓoye maka ba, babu yadda za a yi ka shugabanci mashayar da ake sayar da giya ba ka taɓa giya ba. Mai yiwuwa manaja ya ce maka ai kai sa ido kawai za ka yi, yara ne za su zuba, kuma mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma ranar Juma'a da dare, kanta ta cika, yaro ɗaya bai zo ba, kai za ka zuba. Kai za ka sa hannu a takardar neman kwalaben, kai za ka ƙirga su, kai za a tambaya me ya sa cinikinsu ya ragu. A wurare da yawa ma ana so shugaba ya ɗanɗana haɗin da ɗan tsinken roba kafin ya fita, don ya tabbatar ya yi daidai. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta giya, kuma hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya ambaci mutum goma da laifinta ya shafa. A cikinsu akwai mai ɗauko ta, da mai shayar da ita, da mai sayar da ita, da mai cin kuɗinta. Game da aikin da kake yi yanzu, wato haɗa halal a cikin otal ɗin da wani sashensa ke sayar da giya, ka zauna da malamin da ya san ka ya kuma san halin da kake ciki, ka faɗa masa komai dalla-dalla. Amma tsayuwa a kantar da ake zubawa, hukuncinta a fili yake, kuma wasiƙarka ta nuna ka riga ka san haka. Shawarata kada ka karɓa. Mutumin da ke zuwa aiki kullum zuciyarsa na tuhumarsa ba ya daɗewa yana yin aikin da kyau, ƙarin albashin kuma ba zai saya masa barci ba.

Ina da masu karatu daga Jos da Kafanchan da Numan waɗanda addininsu bai hana su wannan aiki ba. A gare su duk abin da na bayyana a sama yana nan daram, kuma mataki ne mai kyau zuwa manaja. Kai ma kada ƙin karɓarka ya sa ka raina abokan aikinka da ke waccan kantar. Daga wurinsu za ka koyi abubuwa da yawa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: manajanka bai zaɓe ka don ka san giya ba, ya san ba ka san ta ba. Abin da ya gani shi ne yaro mai zuwa a kan lokaci, wanda lissafinsa ke hawa, wanda baƙi ba sa kai ƙararsa, wanda za a bar wa makullin sito a yi barci. Waɗannan su ne jarinka, kuma duk sashen da ka je da su za ka tafi. Sunayen haɗe-haɗe kowa zai iya haddacewa cikin 'yan makonni. Amana da iya lissafi ne suke wuyar samu a wannan sana'a, kuma su ake ɗagawa.

Sashen abinci da abin sha na babban otal yana da rassa da yawa, mashaya ɗaya ce kawai daga ciki. Akwai ɗakin cin abinci, akwai kai abinci ɗakunan baƙi, akwai kantar kofi, akwai ofishin lissafin kaya, akwai kuma sashen taro da liyafa. Wannan na ƙarshen nake so ka sa wa ido. Abuja garin taro ne: ma'aikatu, ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, jam'iyyu, bankuna, ga ɗaurin aure da walima kowane ƙarshen mako. Otal irin Transcorp Hilton, wanda aka buɗe a 1987 da ɗakuna sama da 600, yana da manyan zauruka da ke ɗaukar ɗaruruwan mutane a zama ɗaya. Yawancin tarukan rana shayi ne da kofi da lemo da ruwa. Wanda ya iya shayar da mutum 500 cikin hutun minti ashirin, shayi da zafinsa, kofuna ba su yanke ba, ya koyi tsara ma'aikata da kaya da lokaci fiye da abin da kanta ɗaya za ta koya masa. Manajoji da yawa ta wannan ƙofar suka fito.

Sai dai in gaya maka gaskiya tun yanzu, don kada ka ci karo da ita bayan shekara goma. A otal ɗin da ke sayar da giya, manajan abinci da abin sha shi ke da alhakin lissafin mashaya ma. Ke nan tambayar da kake yi yau za ta sake tare ka a can sama. Don haka tun yanzu ka zaɓi inda ka dosa: ko dai otal ɗin da ba ya sayar da giya kwata-kwata, ko ka karkata zuwa sashen ɗakuna, wato teburin karɓar baƙi da kula da ɗakuna, ko kuma ka yi shirin tsayawa da ƙafarka. Tun da Zamfara ta fara a 1999, jihohi 12 na Arewa sun ɗauki tsarin Shari'a, kuma a Kano da Katsina da Sakkwato akwai otal-otal da gidajen abinci da wuraren biki masu yawa da babu giya a cikinsu. Abin da suke nema ruwa a jallo shi ne mutumin da ya samu horo irin na babban otal, wanda ya san a rubuta, a auna, a ƙirga.

Kuma kada ka ɗauka kantar da kake tsaye a kai ƙaramar kanta ce. Littafin farko na haɗa abin sha da aka buga a Amurka, na Jeri Tomas a 1862, yana da babi guda na abubuwan sha marasa giya. A zamaninmu kuwa kasuwarsu buɗewa take yi. A 2015 wani Bature a Ingila ya fito da Seedlip, ruwan ganyaye da kayan ƙamshi da aka tace babu barasa, kuma cikin shekara huɗu kamfanin Diageo, ɗaya daga cikin manyan masu sayar da giya a duniya, ya sayi kaso mafi girma a cikinsa. Ba don tausayi suka saya ba, sun ga inda masu saye suka nufa ne. Manyan mashayu a Landan da Dubai yanzu suna da jerin haɗe-haɗe marasa giya da ake yi musu irin kulawar da ake yi wa sauran.

A nan zan ja kunnenka a kan abu biyu da suka shafi kantarka kai tsaye. Chapman, wanda kowa ke sha a biki yana ganin lemo ne zalla, a asalin haɗinsa ana ɗiga masa Angostura, ɗan ruwan ɗaci mai ƙaramar kwalba da babbar takarda. Karanta jikin kwalbar za ka ga barasar da ke ciki kashi 44.7 cikin ɗari ce. Ɗigo kaɗan ake sawa, amma baƙon da ya ce ba ya son giya yana da haƙƙin ya sani, kai ma haka. Za ka iya samun ɗan ɗacin daga ɓawon lemo da kanumfari. Na biyu, abin sha da aka rubuta wa ba ya bugarwa, a ƙasashe da dama doka ta yarda ya ƙunshi barasa har rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ka riƙa karanta ƙananan rubutun, kada ka tsaya ga manyan.

Inda kake da abin da Bature ba shi da shi kuwa, shi ne abin shan gidanku. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano ana loda shi a kwantena zuwa Meziko, inda ake shan sa kullum a gidajen abinci. Shi ne karkade a Sudan da Masar, shi ne bisap a Senegal. Ayar da ake nomawa a yankin Maradi tana tafiya har Sifaniya, inda mutanen Balensiya ke yin abin sha da ita kusan irin kunun ayarmu, suna alfahari da shi. Ga tsamiya, ga 'ya'yan kuka, ga goruba, ga citta da masoro da kimba, ga dabino da zuma. Abin da ya hana waɗannan zama a kan tebur ɗin babban otal da farashi mai daraja ba ɗanɗano ba ne. Rashin tabbas ne: na yau ya yi zaƙi, na gobe ya yi tsami, na jibi akwai yashi a ƙasan kofi.

Wannan giɓin kai za ka iya cike shi, da awon nan da muka fara da shi. Ɗauki zoɓo. Ka auna busasshen a sikeli, kada ka ɗiba da hannu. Ka ɗauraye shi sau biyu da ruwan sanyi don yashi ya fita. Ka auna ruwan, ka auna cittar da kanumfarin, ka riƙe agogo ka san minti nawa ya yi a ruwan zafi, domin in ya daɗe a wuta launinsa yakan dushe, ɗanɗanon ya yi kaushi. Ka tace da ƙyalle mai laushi. Kada ka zuba sukari a tukunya. Ka dafa ruwan sukari daban, awo ɗaya na sukari da awo ɗaya na ruwa, ka riƙa sawa a kofi da ma'auni, don mai ciwon sukari ma ya samu nasa. Ka tuna ƙanƙara tana narkewa ta tsinka abin sha, saboda haka na cikin jarka ya fi wanda za a sha ƙarfi kaɗan. Ka manna takarda a jikin jarkar da ranar da aka yi, wanda ya riga shiga firji shi zai riga fita. Kunun aya kuwa ba ya haƙuri, na ranar a ranar ake sayar da shi, abin da ya kwana a zubar a rubuta a littafin asara. Ka maimaita har sai kofin Litinin da na Asabar sun zama ɗaya a baki, sannan ka rubuta komai a kati ɗaya: kaya, awo, kuɗin kowane abu, kuɗin kofi ɗaya, farashin da kake ba da shawara. Duk yaron da ya ɗauki katin ya kamata ya fitar da abin da ka fitar ko ba ka nan.

Kofi ma haka yake. Giram 18 na niƙaƙƙen kofi ya ba da wajen giram 36 a ƙaramin kofi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, madara kuma a ɗumama ta zuwa digiri 60 ko 65, in ta wuce nan zaƙinta ya tafi. Gidajen kofi suna ƙaruwa a Abuja da Legas da Kano, kuma wanda ya iya injin nan da gaske ba ya rasa aiki.

Batun takarda, ka nema ko da kana aiki. Cibiyar horar da ma'aikatan otal da yawon buɗe ido ta ƙasa, NIHOTOUR, tana da hedikwata a Abuja da reshe a Bagauda ta jihar Kano, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta daɗe tana koyar da harkar otal. Akwai matakin da in ka kai, ba za a ɗaga ka ba sai da difloma, komai ƙwarewarka. Ka nemi horo kan tsaftar abinci, musamman tsarin HACCP da manyan otal ke bi. Ka koyi Excel sosai, domin duk lissafin kaya a cikinsa ake yi, ka kuma roƙi abokan aikinka na teburin karɓar baƙi su nuna maka manhajar gudanar da otal ta Opera a lokacin da babu cunkoso. Ka gyara Turancinka na rubutu. In kana da Larabcin makarantar Islamiyya, ka raya shi ya zama na magana.

Larabcin nan zai yi maka amfani in ka yi tunanin fita waje. Saudiyya ta hana sayar da giya tun 1952, in ban da wani shago da aka buɗe a unguwar jakadu ta Riyad a 2024, kuma otal-otal ɗinta na aiki ne da kantocin lemo da kofi. Ƙasar tana gina otal ba ƙaƙƙautawa, ga baje kolin duniya na 2030 a Riyad, ga gasar cin kofin duniya ta 2034. A Makka da Madina kuwa, inda dubun dubatar alhazanmu ke sauka kowace shekara, mai jin Hausa da Larabci da Turanci yana da abin sayarwa. Kuwait ma ba a sayar da giya, haka Sharja, amma Dubai da ke maƙwabtaka da ita ana sayarwa a otal, saboda haka ka san takamaiman wurin da za a kai ka. Ka sani kuma Saudiyya ta keɓe wa 'yan ƙasarta wasu muƙamai a otal, ba kowace kujera ce baƙo zai hau ba. Kada ka sayar da gonar gado ka ba dillalin da ya ce zai kai ka. Manyan kamfanonin otal suna tallata guraben aiki a shafukansu na intanet, kuma ba sa karɓar kuɗi kafin su ɗauki mutum. Kada ka hau jirgi da bizar ziyara ko ta Umara da sunan za a gyara a can. Ka karanta kwantiragi ka ga sunan aikin, da albashi, da masauki, da ranar hutu, da wanda zai biya tikitin dawowa.

Aikin otal yana cin jiki. Tsayuwar sa'a takwas zuwa goma sha biyu ce, ranar sallah da kowa ke gida kai kana bakin aiki, a watan azumi kana haɗa wa wasu abin sha da rana tsaka. Ka sayi takalmi mai kyau wanda ba ya santsi kafin ka sayi sabuwar waya. Ka daidaita da abokan aikinka kan lokutan salla tun farkon sati, kada ka bari sai an kira sannan ka fara neman wanda zai tsaya maka. Kuɗin sabis da ake rabawa da tukwicin baƙi kuwa ba su da tabbas, wata ya yi kauri wata ya yi siriri, saboda haka kada ka gina kashe-kashen kuɗinka a kansu. Su ne ya kamata su zama jarin ranar da za ka buɗe naka.

Ita kuma Hajiya mahaifiyarka, ka faɗa mata da bakinka kafin wani ya riga ka. Ka gaya mata otal ɗin yana da mashaya, kai ba a nan kake ba, an ma yi maka tayi da ƙarin kuɗi ka ƙi. Uwa da ta ji haka daga ɗanta addu'a za ta yi masa. In daga bakin wani ɗan garinku da ya gan ka ta ji, wata magana ce daban.

Saura yadda za ka amsa wa manaja. Kada ka aika saƙo ta waya, kada kuma ka ja lokaci har ya gane daga shirunka. Ka nemi ganinsa a ofis lokacin da ba ya cikin hidima. Ka gode masa, ka gaya masa kai tsaye cewa addininka bai ba ka damar riƙe kantar giya ba, ba tare da wa'azi ko doguwar ba da haƙuri ba. Manajan da ya yi aiki a Abuja ya saba jin wannan. Sannan kada ka fito hannu rabbana. Ka ajiye masa katin abin sha uku na gida da ka gwada, da kuɗin kowane kofi da ribarsa, ka roƙi ya ba ka wata uku ka sa su a jerin abin sha na ɗakin cin abinci da na taro, a duba ciniki a ƙarshe. Ka roƙi a riƙa sa ka cikin masu ƙirga kaya na sashenka a ƙarshen wata, ka kuma ce duk ranar da gurbin sufabaiza ya buɗe a sashen taro kana so a tuna da kai. In akwai wanda ka ga ya cancanci waccan kujerar cikin abokan aikinka, ka ambaci sunansa. In wata shida zuwa shekara suka wuce ba ka ga motsi ba, ka nemi takardar shaidar aiki mai ɗauke da hatimin otal, ka fara aika takardunka Kano da Kaduna da sauran wuraren da muka ambata, kana riƙe da aikinka har sai sabon ya tabbata a rubuce.

Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a neman.